'YAR TSANA MAI KUNNE: INA HURUMIN GIDA, INA AMANAR YARO?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya gida wurin natsuwa, Ya sanya 'ya'ya amana a hannun iyayensu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, a wannan mako za mu tsaya a kan wani al'amari wanda a ido ƙarami ne, don bai wuce abin wasan yara ba, amma idan aka tona shi sai a tarar ya taɓa manyan abubuwa biyu waɗanda Musulunci ya kewaye da shinge, watau hurumin gida da amanar 'ya'ya.

Kwanakin baya na kai ziyara gidan wani aminina a Yelwan Yauri. Muna zaune a zaure bayan La'asar sai ga 'yarsa ƙarama, wadda ba ta fi shekara biyar ba, ta fito rungume da wata 'yar tsana da kawunta ya kawo mata tsaraba daga tafiya. Tana yi mata magana, 'yar tsanar tana amsawa da Turanci, har tana kiran sunanta. Uban ya dube ni cikin murna ya ce, "Malam, ka ga zamani? Har sunanta ta sani." Na ce, "Alhaji, wa ya gaya mata sunan?" Ya ce ai sa'ad da aka haɗa ta da wayar uwar yarinyar ne aka bukaci a rubuta suna da ranar haihuwa. Na ce, "To, maganar da yarinyar take yi mata, ina take zuwa?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Wallahi, Malam, ban taɓa tambayar kaina ba." Ban kuwa ga laifinsa ba, domin da yawanmu ba mu tambaya ba.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Mu da muka tashi a bakin Kwara mun san abin wasa. Yarinya takan naɗe kara ko ƙashi da tsumma ta goya, ta yi tuwon ƙasa ta ba 'yarta. Yaro yakan gina shanun laka, ya ƙera motar kara, ya sassaƙa ɗan kwalekwale ya sake shi a gefen ruwa. Waɗannan duka kurame ne, bebaye. Duk abin da yaro ya faɗa musu, a nan ya tsaya. Ko a cikin kayan kanti ma, akwai 'yar tsanar batir wadda take kuka ko take maimaita waƙa guda ɗaya da aka ɗura mata. Ita ma ba a kanta muke magana ba.

Wadda muke nufi ita ce wadda ake haɗa ta da intanet. A cikinta akwai makirufo, wani lokaci har da kyamara. Yaro ya yi magana, sai ta ɗauki muryar ta miƙa wa wayar gidan, waya ta aika da ita zuwa rumbun kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, a can a warware maganar a shirya amsa, a dawo da ita cikin ƙiftawar ido. Yaro yana zaton 'yar tsana ce take amsa masa, alhali kuwa maganarsa ta ƙetare teku ta dawo, kuma sau da yawa an ajiye kwafinta a can. Haka al'amarin agogon hannu na yara yake, wanda yake nuna wa uba inda ɗansa yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, da ƙaramar kwamfutar hannu ta koyon karatu, da ita kanta wayar uwa wadda ake miƙa wa yaro don ya yi shiru. A ƙauyukanmu na Shanga da Ngaski 'yar tsana mai magana ba ta yawaita ba tukuna, amma wayar da ake miƙa wa yaro ta riga ta shiga gidaje da yawa, sauran kuwa suna tafe, tun da kayan nan kullum araha suke ƙara yi.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

Don kada a ce tsoro muke sa wa jama'a a banza, ga kaɗan daga abin da ya auku. A watan Nuwamba na 2015 wani ya kutsa cikin rumbun kamfanin VTech na Hong Kong, mai ƙera kwamfutocin wasan yara, ya kwashe bayanan yara sama da miliyan 6 da na iyaye kusan miliyan 5: sunaye, ranakun haihuwa, adireshi, har da hotuna da saƙonnin da ke tsakanin yara da iyayensu. A Janairun 2018 kamfanin ya biya tarar dala 650,000 ga hukumar kula da ciniki ta Amurka. A farkon 2017 kuma aka gano cewa kamfanin da yake yin wasu 'yan tsana masu siffar dabbobi, masu suna CloudPets, ya bar rumbunsa a buɗe ba ko kalmar sirri. Asusun mutane sama da 800,000 ya fallasa, aka kuma sami hanyar kaiwa ga saƙonnin murya kimanin miliyan 2 na yara da iyayensu.

A watan Fabrairu na 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai suna My Friend Cayla, ta sanya ta a sahun na'urorin leƙen asiri da aka ɓad da kamanninsu, ta kuma shawarci iyaye su lalata ta. Dalili kuwa, duk wanda yake riƙe da waya a tazarar kimanin mita 10 yana iya haɗuwa da ita ta Bluetooth ba tare da wata kalmar sirri ba, ya saurari abin da ake faɗa a ɗaki, ya kuma yi wa yaro magana ta bakinta. Mita 10 kuwa, a ginin garuruwanmu, bai wuce daga lungu zuwa tsakar gida ba.

Kada kuma a zaci ɓarayi kaɗai ne abin tsoro. A watan Mayu na 2023 kamfanin Amazon ya amince ya biya dala miliyan 25 bisa zargin da hukumomin Amurka suka yi masa na ajiye muryoyin yara da na'urarsa ta Alexa ta ɗauka, har bayan iyaye sun nemi a goge. A Nuwamban 2025 kuwa, wata ƙungiyar kare masu sayayya a Amurka ta gwada wata 'yar tsana mai suna Kumma, wadda take amsa tambaya da ƙirƙirarriyar basira, ta tarar tana iya gaya wa yaro inda ake ajiye wuƙa da yadda ake kyasta ashana, har da maganganun batsa waɗanda ba su faɗuwa a wannan fili. Ashe ke nan ƙofar ta biyu ce: ta nan asirin gida yake fita, ta nan kuma tarbiyyar da ba mu zaɓa ba take shigowa.

HURUMIN GIDA

Bahaushe bai gina zaure don ado ba. Baƙo yakan tsaya a waje ya yi sallama, a amsa masa, ya zauna a zaure. Idan amini ne a shigar da shi shigifa. Cikin gida kuwa ba a shiga sai da dalili da izini. Wannan tsari ya yi daidai da abin da Alƙur'ani Mai girma ya koyar a Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, inda aka hana muminai shiga gidajen da ba nasu ba sai sun nemi izini sun yi sallama, aka kuma umurce su da komawa idan an ce su koma. A aya ta 58 ta wannan sura har yaran gida waɗanda ba su balaga ba an ce su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar Lisha. A Suratul Hujurati kuma, aya ta 12, an haramta tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane, aka jera shi tare da mummunan zato da giba. Ya tabbata a hadisi cewa saboda tsare ido ne aka shar'anta neman izini, kuma wanda ya kasa kunne ga zancen mutane alhali ba su so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar Alƙiyama.

To, jama'a, mu auna. Idan har ɗan da aka haifa a cikin gida, ɗan shekara bakwai, sai ya nemi izini kafin ya shiga ɗakin uwarsa da dare, yaya matsayin kunnen baƙo wanda yake kwana a kan gadon wannan ɗaki? Wannan baƙo bai yi sallama ba, bai tsaya a zaure ba, a hannun yarinya aka goyo shi har ƙuryar ɗaki. A gabansa ake lissafin kuɗin albasa da na kifi, a gabansa ake shirin tafiya, a gabansa miji da mata suke saɓani suna shiryawa.

Wani zai ce, ai ba tajassusi a nan, tun da mai gida ne ya sayo abin da kuɗinsa, ya kuma danna alamar amincewa da hannunsa. Wannan magana tana da ƙarfi, amma akwai amsa uku gare ta. Ta fari, izini ba ya zama izini sai mutum ya san abin da ya yi izini a kansa. Sharuɗɗan nan da ake dannawa dogon rubutu ne na Turancin lauyoyi, wanda ko masu harshen ba su cika karantawa ba. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da ƙin cinikin da aka gina a kan jahiltar abin da ake bayarwa. Ta biyu, mai gida bai mallaki asirin duk wanda yake cikin gidan ba. Matarsa tana da nata, tsohuwarsa tana da nata, maƙwabciyar da ta shigo ta kawo kukanta tana da nata, kuma hadisi ya nuna cewa idan mutum ya faɗi magana sa'an nan ya waiwaya don kada wani ya ji, to wannan magana ta zama amana. Ta uku, wanda aka fi ɗaukar muryarsa shi ne yaro, yaro kuwa ba shi da izinin bayarwa, ko a shari'a ko a dokar ƙasa. Waliyyinsa ne yake bayarwa a madadinsa, waliyyi kuma ba ya da ikon yin komai a kan haƙƙin yaro sai abin da yake maslaha ga yaron.

KO YARO YANA DA ASIRI?

Nan ne tambayar take da zurfi, don da yawa cikinmu muna ɗauka yaro ba shi da wani abin ɓoyewa. Me ɗan shekara biyar zai faɗa wanda zai amfani wani? Amma kowa ya san a bakin yaro ake jin labarin gida. Shi ne zai gaya maka baba ya tafi Kwantagora sai jibi, an sayar da shanu jiya, yaya tana makarantar kwana a wuri kaza. Yana faɗa ne da zuciya ɗaya, kuma ya fi sakin baki ga abin da yake ƙauna yake kwana da shi.

Ban da wannan, akwai haƙƙin yaron a kan kansa. Daga cikin rahamar Ubangiji, hadisi ya sanar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga. Ma'ana, an ba shi shekarun da zai yi shirme, ya yi kuskure, ya faɗi abin da bai san nauyinsa ba, ba tare da an rubuta masa laifi ba. Ubangijin da Ya halicce shi Ya ɗauke masa alƙalami, sai ga mu mun miƙa shi ga wani alƙalamin da ba ya gajiya, ba ya mantuwa, ba ya kuma yafewa. Magana zarar bunu ce. Wadda ta shiga rumbun kamfani kuwa ta fi bunu wuyar mayarwa, don kamfani yakan rushe, ko a sayar da shi, rumbun ya koma hannun wanda ba a yi alkawari da shi ba.

Ku tuna kuma da ƙissar Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi. Yana yaro yana wasa da yara, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi wata bukata, har ya yi jinkirin komawa gida. Da mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi wace bukata ce, ya ce asiri ne, ita kuwa maimakon ta matsa masa, sai ta ƙarfafa shi a kan kada ya gaya wa kowa. Haka ake koya wa yaro cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaron da ya tashi ya saba kowace magana tasa akwai na'ura mai ɗauka, kowane motsi nasa akwai mai kallo, ta ina zai koyi bambancin zaure da cikin gida? Wanda bai san yana da asirin kansa ba, da wuya ya tsare na wani.

TSORON UBA

Sai dai adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren, domin uban da ya sayo wa ɗansa agogo mai nuna inda yake, tsoro ne ya sa shi, kuma mutanen ƙasar Yauri sun san dalilin wannan tsoro. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ya kife da jama'a kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka rasa rayuka masu yawa. Ba a cika wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, kuma na ƙarshen 'yan matan da aka riƙe ba su dawo gida ba sai a 2023. A Nuwamban 2025 aka sake ganin irin wannan a Maga ta ƙasar Zuru, da kuma Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, tsallaken ruwa. Uban da ya ga waɗannan, idan ya ce yana son sanin inda ɗansa yake kowace sa'a, wa zai zarge shi? Hadisi ma ya ce kowannenmu makiyayi ne wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, makiyayi kuwa ba ya kawar da ido.

Saboda haka kulawar uba ga ƙaramin ɗansa wajibi ce, ba ta shiga cikin tajassusin da aka hana. Amma tana da iyaka, kuma a ganina da abubuwa uku ake gane ta. Na ɗaya, ta kasance a fili: yaro ya san an sa masa abin, ya san dalili. Na biyu, ta kasance gwargwadon bukata da shekaru, domin abin da ya dace da ɗan shekara shida zai zama cin fuska ga ɗan shekara goma sha shida, wanda ya kamata a fara sakar masa igiya don ya koyi tsoron Allah a inda ba mai ganinsa. Na uku, kada ta faɗa kan wasu. A Nuwamban 2017 Jamus ta haramta sayar da agogon yara mai sauraren magana a ɓoye, bayan hukuma ta gano iyaye suna amfani da shi suna sauraren malamai a cikin aji. Uban da ya yi haka ya fita daga kiwon ɗansa ya shiga hurumin malami da na 'ya'yan wasu.

Sa'an nan akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali. A Oktoban 2017 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar Norwe ta gwada wasu daga irin waɗannan agoguna, ta tarar baƙo yana iya karɓe ikonsu daga nesa, ya bi sawun yaro, ya yi magana da shi, har ya sa agogon ya nuna wa uba cewa yaro yana wani wuri alhali ba can yake ba. Watau abin da aka saya don ya gaya wa uba inda ɗansa yake, yana iya gaya wa ɓarawo, ya kuma yi wa uban ƙarya.

Ba 'yar tsana ce ta jawo musibar Birnin Yauri ba, da bindiga da babura aka zo. Amma waɗannan shekaru sun koya mana darajar labari a hannun mugu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma masu kai rahoto sun yi wa Arewa ɓarnar da ta sa a Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ƙasar da sanin inda yaro yake kwana, da hanyar makarantarsa, da ƙarfin aljihun ubansa ya zama abin sayarwa, ba hankali ba ne mu tara waɗannan duka a wuri ɗaya mu kulle da makullin da ba mu san ƙarfinsa ba. Ga kuma sabuwar fitina ta kwaikwayon murya da na'ura. A 2023 wata uwa daga jihar Arizona ta ba da shaida a majalisar dattawan Amurka cewa an kira ta da murya irin ta 'yarta tana kuka, ana neman kuɗin fansa, alhali yarinyar tana nan lafiya. Mu da muke zaune inda sata ta gaskiya take aukuwa, wace uwa ce za ta tsaya bincike idan ta ji irin wannan kira?

BA WASAN AKA HANA BA

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Wasa haƙƙin yaro ne. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, har ya ga wani doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ya yi dariyar amsar da ta ba shi. Asalin abubuwan amfani halal ne, kuma na'urar da take koya wa yaro haruffa da lissafi tana da alheri a fili. Sai dai malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun shahara da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, watau a hana abin da yake halal a kansa idan ya zama hanya mafi rinjaye zuwa ga cuta. Aikinmu shi ne mu duba kowane abu mu ga ina kafar take.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin yadda alheri da hasara suke zuwa a jirgi ɗaya. Madatsar Kainji, wadda aka soma a 1964 aka gama a 1968, ta ba ƙasa wutar lantarki, ta buɗe wa masunta babban tafki. Amma ta haɗiye tsohuwar Busa da gungaye masu yawa, ta tashi mutane sama da 40,000 daga mazauninsu. Gungawa, waɗanda a da ruwa ne ganuwarsu, sai suka wayi gari a tudu, kowa yana iya isa gare su da ƙafa. Ba wanda ya ce a rushe madatsa, amma wanda ya ga ruwa yana tahowa ya ƙi ɗaga kayansa, shi ya so. Intanet ma ruwa ne wanda ya riga ya taso, kuma ganuwar da yake ci yanzu ita ce ta cikin gida.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Ga iyaye, kafin a sayi abin wasa ko a karɓi tsarabarsa, a tambaya: yana da makirufo ko kyamara? Sai an haɗa shi da waya ko Wi-Fi yake aiki? Yana neman sunan yaro, da ranar haihuwarsa, da hotonsa? Idan kowace waya tana iya haɗuwa da shi ba tare da lambar sirri ba, a bar shi a kanti. Idan an riga an saya, kada a rubuta cikakken sunan yaro ko sunan makarantarsa ko unguwarsu, a canja kalmar sirrin da ya zo da ita, a kashe shi idan an gama wasa, kuma kada ya kwana a ɗakin barci. Wasannin waya da ake cewa kyauta ne, a tuna banza ba ta kai zomo kasuwa; da bayanan mai wasa da tallar da ake cusa masa ake biyan da yawansu. Ya kamata kuma kowane gida su yi wata kalma a tsakaninsu wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, wadda za a nemi mai kira ya faɗa idan an bugo waya da muryar ɗan gida ana neman kuɗi.

Wannan ilimi lalle ne ya isa ga mata, don a hannunsu yara suke yini, da wayarsu kuma ake haɗa kayan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albab ga mazajen da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Malaman Islamiyya da masu wa'azin mata su sa wannan a cikin darasin tarbiyya.

Ga 'yan kasuwa, ɓoye aibin haja algus ne. Wanda ya san abin da yake sayarwa yana ɗaukar murya, wajibi ne ya faɗa. Wanda bai sani ba, ya tambayi wanda ya ɗauko kayan a wurinsa.

Ga hukuma, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da zancensa na waya, kuma Dokar Kare Bayanai wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta shardanta amincewar uba ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, ta kuma kafa hukumar da za ta sa ido. Doka ta yi kyau a takarda, amma uban da yake Wara ko Shanga ba zai iya ƙarar kamfanin da yake wata nahiya ba. A bakin tashar jiragen ruwa da kan iyaka ne ya kamata a tantance kayan kafin su bazu, a kuma yi wa jama'a bayani da Hausa a rediyo.

Shi dai aminin nawa, da na koma bayan mako biyu, na tarar ya raba 'yar tsanar da waya, ya goge manhajar. Ta daina amsawa. Ya ce yarinyar ta yi kuka kwana ɗaya, kashegari ta goya abarta ta ci gaba da yi mata hira, tana tambaya tana ba kanta amsa, kamar yadda uwarta da kakarta suka yi a nasu zamanin.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya rufa asirin gidajenmu, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci da waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya mayar da duk ɗan da yake hannun miyagu ga iyayensa, Ya ba mu ikon sauke amanar da za a tambaye mu a kanta. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa idan Mai duka Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.